Abin da yanke jijiyar gumi ke koyarwa bayan an sallami mara lafiya

Duk wanda ya zauna a sashen tiyatar ƙirji ya san yadda manyan likitoci ke ƙaunar aikin yanke jijiyar gumi, wanda ake yi wa masu yawan gumin tafin hannu. Ba ya cin lokaci: a kwantar da huhu ɗaya ta hanyar fitar masa da iska, a huda ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin hamata, a zura kyamara, a nemo sarƙar jijiyoyin simfatetik, masu kai umarnin gumi ga fata, wadda ta bi ta kan haƙarƙari a gefen ƙashin baya, a ƙona ko a datse. Tun ana kan tebur tafin hannu zai ɗau ɗumi. Mara lafiya ya farfaɗo hannunsa a bushe ƙamas, a rubuta an yi nasara.

Sai bayan watanni, zafi ya shigo, ya dawo riga jiƙe sharkaf. Gumin da ya bar hannu ya ɓarke a baya, ciki, matsematsi da cinyoyi. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna samun wannan, wasu kaɗan-kaɗan, wasu har su riƙa sauya kaya sau da yawa a wuni. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa ba ta daina neman sanyaya jiki ba, an dai raba ta da fatar sama, sai ta matsa wa ta ƙasa. Babban da ya ce masa "ɗan ƙaramin aiki ne" ba shi ke zaune a ɗakin duba marasa lafiya ranar ba. Ƙananan likitoci ake bari da tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: "Likita, za a iya mayar min da ita?" Ba a iya wa. Ko maɗauri aka sa maimakon yanka, cire shi ba ya ba da tabbacin jijiyar za ta farfaɗo. Wanda bai faɗi haka ƙarara kafin a sa hannu a takarda ba, bai nemi amincewa ba, sa hannu kawai ya karɓa.

Gurbin yankan na da tasiri sosai. Yanka a kan haƙarƙari na 2 ya fi jawo mummunan gumi, shi ya sa matsayar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka a 2011 ta karkata ga na 3 ko na 4 idan gumin tafin hannu ne. Na 4 kan bar ɗan danshi, kuma hakan ba aibu ba ne. Hannun da ya bushe har yana tsagewa shi ma damuwa ne. A kula da ƙirge: haƙarƙari na 1 yakan ɓuya a cikin kitse, wanda ake gani a sama galibi na 2 ne. Kuskuren mataki ɗaya, ko zafin wutar ƙonawa ya haura, sai a taɓa ƙullin jijiyar da ke gindin wuya, fatar ido ta sauko, ƙwayar ido ta tsuke, gefen fuskar ya daina gumi.

Zuciya ma ta wannan sarƙar jijiyoyi take karɓar umarnin ƙara sauri. Bayan an yanke ɓangarorin biyu bugunta kan ragu, don haka mai bugu ƙasa da 55 a minti a guji yi masa aikin, ɗan wasan motsa jiki kuma a gargaɗe shi.

Mai gumi cikin barci, a fara duba tayirod ɗinsa, wato ƙullin da ke gaban maƙoshi, da sauran cututtuka. A gwada sinadarin aluminiyam, injin ruwa mai ƙaramar wutar lantarki, allurar Botox da ƙwayoyi tukuna kafin a kai ga tiyata. A tabbatar huhu ya buɗe kafin sallama. A faɗa masa zai iya yin gumin fuska idan yana cin abinci. Matashi kuwa kada a yi masa gaggawa: Taiwan ta hana aikin ga 'yan ƙasa da shekara 20 a 2004.