Godiya ga duk wanda ya tsaya mini a kan karayar da na samu

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, na dawo gida Maradi, ƙafa a ɗaure amma da sauƙi ƙwarai. Masu zuwa dubiya da masu bugo waya sun fi ƙarfin in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuto nan kowa ya ɗauki rabonsa.

Da farko in gyara wani zance da na ji yana yawo a Babbar Kasuwa: ban faɗa cikin wutar dutse ba. Abokan da muka yi karatu tare a Faransa ne suka shirya hutun hawan duwatsu a Reyuniyon, wani tsibirin Faransa da ke cikin tekun Indiya, gabas da Madagaska. Dutsen nan mai aman wuta, Piton de la Fournaise, mai tsayin mita 2,632, lafiya lau muka hau shi muka sauko. Da asuba ake kama hanya, don hantsi na yi gajimare ke rufe ko'ina. Kana tafe bisa baƙin dutsen da ya narke ya daskare, yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi, ba inuwa ba ruwa, sai ɗigon farin fenti da aka bi aka sa don kada mutum ya ɓata. A bakin ramin da ke ƙololuwar dutsen ne jagoranmu ya nuna mana inda ƙasa ta rufta lokacin aman 2007, zurfin ya haura mita 300.

Tsautsayin a Mafate ya same ni. Wani ƙaton kwari ne da duwatsu suka kewaye, akwai ƙauyuka a ciki, amma babu hanyar mota ko ɗaya. Ko dai ka shiga da ƙafa ko da jirgi mai saukar ungulu. Shinkafa, kwalbar gas, har kwanon rufi, jirgin ne ke ratayo su cikin raga, yadda amalanke ke kai kaya ƙauyukanmu. Bayin da suka gudu daga gonakin Turawa ne suka fara ɓuya a can, kuma wanda ya ga hanyar zai gane dalili. Muna gangarowa daga mashigar dutse ta Taïbit za mu ƙauyen Marla, an yi yayyafi, santsi ya kwashe ni, idon sawu ya karye. Da kunnena na ji ƙarar.

Jagoranmu, ɗan tsibirin, shi ne farkon wanda zan gode wa. Bai ruɗe ba. Ya yanke igiyar takalmin, ya tallabe ƙafar da sandunan tafiya biyu ya ɗaure, ya lulluɓe ni da wani siririn bargo mai ƙyalli, sannan ya kira 112, lambar neman agajin gaggawa. Aka ce hazo ya rufe kwarin, jirgi ba zai shigo ba sai gari ya waye. Abokan tafiyata suka yi ta karɓa-karɓa da ni a kafaɗa har Marla. Ku da kuka ɗauke ni, kun san nauyina, ni ma na sani, Allah Ya biya ku.

Akwai wata dattijuwa mai masauki a ƙauyen da ba zan manta da ita ba. Abincin daren nan nata da naman alade aka yi shi. Da ta ji mu Musulmi ne, ba wanda ya roƙe ta, ta sake ɗora wata tukunya daban, shinkafa da wake da kifin gwangwani, ta kawo mini har bakin gado. Cikin dare ta leƙo da fitila ta ga ko na samu barci. Da safe muka miƙa mata ƙarin kuɗi ta ƙi karɓa.

Ina godiya ga jandarmomin ceto da suka zo da jirgi, da likitocin asibitin garin Saint-Pierre da suka sa mini ƙarfe a ƙafa. Haka ƴan uwa Musulmi na garin, akasarinsu jikokin ƴan kasuwar Indiya ne, kuma sun daɗe a tsibirin, tun 1905 suke da masallaci a Saint-Denis, babban birnin tsibirin. Wani daga cikinsu ya ji an kwantar da baƙo daga Nijar, ya riƙa aiko da abinci har aka sallame ni. Kuɗin asibiti kuwa inshorar tafiya ce ta biya. Wanda ya matsa mana muka yanke ta kafin mu tashi ya yi mana babban gata, duk mai niyyar irin wannan yawo kada ya yi wasa da ita.

Inna, ki yi haƙuri da tashin hankalin da kika shiga. Na ji saukar Alƙur'anin da kika sa aka yi da sadakar da kika raba. Maganar maɗori kuma a dakata tukuna, ƙarfe ne a ciki, likita ya ce kada kowa ya taɓa. Maiɗakina da ta riƙe gida, ƙanena da ya riƙe shago, Yaya da ya tarbo ni Yamai ya kwantar da kujerar mota don ƙafar ta miƙe har muka iso, maƙwabtanmu na unguwar Zariya da jama'ar masallacinmu, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Masu cewa me ya kai Bamaraɗe hawan dutse, ku zo mu yi ta baki da baki, hotuna na nan cikin waya. Sai dai a riƙa zuwa bayan la'asar, da safe ina wurin masu gashin ƙashi.