A kai kasuwa

Lahadi, bayan isha'i

Tun safe ba wuta, cajin wayata saura kashi 12, bari in rubuta kafin ta mutu. Da hantsi dillaliyar unguwarmu ta shigo da ƙunshinta ta baje a tabarma ƙarƙashin bedi, atamfofi da mayafai da wani leshi ruwan ɗorawa mai duwatsu har yana kashe ido. Ta ɗaga shi ta ce ma autarmu, ɗiyata wannan kamar don ke aka yi shi. Auta ko kallo na biyu ba ta yi mashi ba ta ce "Tab, a kai kasuwa!" Umma ta watsa mata harara wai haka ake yi ma babba magana, ita kuma ta turo baki wai ai ba zagi ba ne, a TikTok kowa haka yake cewa.

Nan fa Hajiya Kaka da muka ɗauka gyangyaɗi take ta fashe da dariya har carbinta ya faɗi. Wai tiktok ɗin mi? Ta ce tun tana amarya a Rafukka ake faɗin maganar nan, lokacin mace na cikin kulle ba ta zuwa ko'ina, dillaliya ce ke bi gida-gida da kaya. In kaya suka zaga gidaje ba wadda ta taya sai mai su ta ce to a kai kasuwa, can ba a rasa mai so, dillaliya dai la'adarta take jira. Haka akuyar da ta ishi mutane da ɓarna, ranar Lahadi irin ta yau sai Charanchi ko Mai'aduwa. Yara suka ɗauko maganar suka ɗora ta kan komai, saurayi mai rowa a kai kasuwa, miyar kuka da rana a kai kasuwa, ankon dubu 40 a kai kasuwa.

Ni abin da ya sa nake son ta, ba ka ce abu ba shi da kyau ba, cewa ka yi ba naka ba ne, wani can zai gani ya yaba. Da ma mu ba mu cika cewa a'a tsirara ba. Je ki Central Market ki yi tayin wulaƙanci ki gani, mai kaya ba zai ce ban sayar ba, "albarka" zai ce yana murmushi, ke da kanki za ki ƙara. Amma gaskiyar Umma, wannan ta tsakanin sa'o'i ce da taubasai. Babba kam sai dai ki ce "to, Allah ya nuna mana" shi ma ya san an ƙi.

Kaka da ta samu masu saurare ai ba ta tsaya nan ba, wai tasu ta da ta fi tamu gishiri: "Ba da ni ba, gaɗa a hurumi." Auta ta ce minene hurumi, wlh sai da na ji kunya a madadinta. Maƙabarta fa. Kaka ta ce ki ɗauka ƴan mata sun bar dandali sun tafi Ɗan Marna, inda aka rufe marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa a 2010, sun yi da'ira suna tafi suna faɗawa ana cafewa, za ki bi su? Auta ta ce Allah ya tsare ni, Kaka ta ce to kin ga ma'anar kenan. Waccan ta abin da bai yi maki ba ce, wannan kuwa ta abin da kika hango zai ja maki bala'i.

Leshin dai Anti ta maƙwabta ta saye, biya biyu, kuma ya yi mata kyau abinta, dillaliya ta fita tana ce ma Auta kin gani ko, ko ƙofar gida bai kai ba.

Da la'asar taubashina ya turo mani hoton wani abokinshi a WhatsApp, an sha babbar riga an jingina da motar da na tabbata ba tashi ba ce, wai yana neman ta biyu in ina ciki. Na tura mashi duka biyun, ta Auta da ta Kaka, ya zaɓi wadda ta yi mashi. Ya ce zai kawo ƙarata wajen Umma ranar Juma'a, na ce ya taho da tsire.