Laraba: Baffa da gyarensa

Niyyata yau in zauna in gama duba takardun jarabawar 'yan aji biyu, to ga su nan a kan tabarma yadda na bar su. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai muka ji tim! daga bayan gari, kajin Inna suka watse. Kun dai san su Baffa in Babbar Sallah ta matso. A zaro bindigogin toka daga ƙarƙashin gado, a goge, a shafa mai, a tafi fako gwaji, don kada a ji kunya ranar raka hakimi Gumel. Bana Auta ya shiga sahu, shi ke riƙon gorar albarushi, sai hura hanci yake.

Na zari ledar nan da mutumina na Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, ya ba ni, soson toshe kunne da ake raba musu a wurin aiki, na bi su.

Na tarar Kofur, tsohon soja, ya baje a gindin aduwa yana kallo. Baffa ya ɗura albarushi, ya cusa tsumma, yana dannawa da sandar ɗuri. Ba harsashi, tunda ƙarar ake so, kuma kowa so yake a ce tasa ta fi tsawa, don haka ba a yi wa albarushi rowa. Auta yana tsaye dab da shi, taku ɗaya tsakaninsa da bakin bindigar. Kafin in ƙarasa, Baffa ya ja kunama. Hayaƙi ya turnuƙe. Sai ga Auta yana girgiza kai, yatsa a kunne, yana dariya: "Yaya, wallahi kunnena ya ɗauke, sai wani tiii nake ji!" Kowa ya kwashe da dariya. Baffa ya dafa kansa ya ce, "Yauwa, ka fara zama namiji."

Wannan kalmar ce ta tsaya mini a wuya har yanzu.

Na tsuguna na gaishe shi. Shiru. Na sake, sai ya juyo mini da kunnen dama, yadda ya saba. Ban sani ba ko kun taɓa lura, kullum da dama yake sauraro. Dalilin a fili yake. Wanda ke harbi da hannun dama yana kwantar da kumatunsa a gindin bindiga, kunnen dama ya ɓuya a kafaɗa, na hagu kuwa ya fuskanci bakinta. Shi ya sa kunnen hagu ke fara mutu wa irin waɗannan maharba. Baffa tun yana saurayi yake farauta.

Na miƙa masa soso biyu. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Babana, alewa ka kawo mana?"

Na ce, "Na kunne ne, Baffa. In za a yi harbi sai a toshe."

"Namiji da toshiya a kunne? A gaban hakimi? Ai sai a ce tsoron bindigata nake ji."

Na ce rawani zai rufe, ba mai gani. Ya ce shi zai sani ai. Sannan ya kawo maganar da na san zai kawo: kakanmu ya yi harbi har ya tsufa, bai taɓa sa komai ba. Na yi shiru, don ban isa in tuna masa a gaban mutane cewa sai an yi ihu a kunnen tsohon nan kafin ya amsa sallama ba. Mu duka mun taso mun ga haka, muka ɗauka tsufa ne.

Abin da nake koya wa yara a aji shi na yi ƙoƙarin faɗa, da hausar da za ta shiga. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hirar da muke yi wajen 60 ce. In ƙara ta kai 85 kuma mutum ya wuni a cikinta, kunne ya fara lalacewa a hankali, su masu injin niƙa ke nan. Daga 140 kuwa ba a maganar wuni, bugu ɗaya ya isa ya yi ɓarna, kuma kusan kowace bindiga ta haura nan. Manyan bindigogi irin na soja da na farautar manyan namun daji suna kaiwa 160 har zuwa 170. Lissafin ma ba irin na kasuwa ba ne: ƙarin 3 kacal ninki biyu ne, don haka 160 ta ninka 140 sau ɗari. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, jiki ba ya sake fitar da wata, ba ƙwaya ba allura. Tiii ɗin da Auta ke wa dariya alama ce sun sha bugu. Zuwa gobe ko jibi mai yiwuwa ya lafa, amma ba lallai duka su farfaɗo ba.

Baffa ya saurara, ko dai ya yi kamar yana saurare. Sai ya ce, "Wannan tiii ɗin ai gyarena ne. Shekara da shekaru yana mini kuka a kai, dare da rana, mun saba." Ya faɗa da alfahari. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don ban taɓa sanin abin ba ya ɗauke masa ba. Mutum ya kwanta da shi ya tashi da shi, ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba.

Nan Kofur ya sa baki, na zaci gefena zai tsaya. Ya ce su a Laberiya, da suka shiga da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, in wuta ta yi wuta wasu totuwar sigari suke cusawa, wasu kwanson harsashi. Ya ce duk wanda ya kwana kusa da mai babbar bindiga, washegari da hannu ake masa magana. Sai kuma ya juya ya ce amma auduga ta isa, me za a yi da kayan Turawa. To auduga ba ta isa ba. Iska na ratsa ta, abin da take ragewa bai kai 10 ba. Soson nan kuwa in an sa shi daidai yana rage wajen 30. Masu harba manyan bindigogi ma ba sa tsayawa a soso, sai sun ɗora marufi a kai, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke sawa.

Hujja ɗaya Baffa ya kawo da ban iya turewa ba. Ya ce, "A daji kunne ne ido. In na toshe, da me zan ji motsin nama? Da me zan ji ɗan'uwana yana tahowa ta bayan sabara? So kake in harbi mutum?" Gaskiya ce wannan, an sha jin irinta a farauta. Akwai marufin kunne mai batir da ke ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi, ya datse babba da zarar an yi harbi, amma kuɗinsa ba na mutanen nan ba ne, kuma wa zai bi shi da batir. Na ce na yarda da ta daji. To ranar hawa fa? Wane nama ake saurare a ƙofar fada, bindiga sama da goma na tashi a tare, yara na bin hayaƙi a guje? Bai amsa ba, ya ce wa Auta ya miƙo gora.

Na dai samu na ja Auta gefe na nuna masa. A murza soson da yatsu har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa na leƙe a waje, aikin banza ne. Ya sa, aka yi harbi, ya zaro ido ya ce ƙarar ta koma can nesa. Sai ɗan gidan Sarkin Baka ya ce masa amarya, nan take ya cire ya jefa aljihu. Tun rasuwar Abba maganar Baffa ce magana a kan yaron nan, ba ni da ikon hana shi bin su.

Azahar. Tuwon jiya da Inna ta ɗumama. Ba wuta tun shekaranjiya, wayata na wurin mai caji.

Da la'asar na leƙa wurin Iya, matar Baffa. Ban ma tambaya ba ta fara. Ta ce lasifikar masallaci na bayan katangarsu, amma in ba ta tashe shi ba asuba wuce shi take. Rediyo sai ya ƙure ta. Jikoki in sun yi magana ya ce 'yan zamani ba sa buɗe baki. Haka abin yake tafiya: siririn sauti ke fara ɓacewa, muryar mata da ta yara, da irin su sa, sha, fa, tsa, sai mutum ya ji ana magana amma ya kasa tsinto kalmomin. Ganga kam zai ji ta daga wani gari. Iya ta ce ita da can ta ɗauka zaɓe yake, abin da ya ga dama yake ji. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Na ce akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano, za su auna su ga abin da ya rage, wataƙila a ba shi na'urar ƙara ji. Ta ce in je in faɗa masa da kaina, in na isa.

Gobe Alhamis, kasuwar Maigatari da yayana, neman ragon layya. An ce bana sai addu'a.

Bayan isha'i Kofur ya aiko a ba shi soso biyu, wai ba don shi ba, don ɗansa mai injin markaɗe. Na ba da huɗu. Shigowar Auta na tambaye shi ina Baffa ya kai nasa, ko ya yar. Ya ce a'a, yana nan, ɗaya ya toshe bakin gorar albarushi da shi, wai ya fi totuwar masara kamawa, kuma ya ce in na koma Kano in ƙaro masa.