Asabar a gareji: tafet, tsatsa da gardamar fenti

Tun da sassafe na shiga gareji, domin aikin da na sa a gaba yau ba ya yiwuwa sai injin ya kwana ba a tashe shi ba. Tafet ɗin motar Beetle, wato 'yar tazarar da ake bari a kan kowane bawul (ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi a injin), da sanyi ake saita shi. Da zarar ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, duk awon da ka yi ya tashi a banza. Tawa Volkswagen 1300 ce ƙirar 1969. Injinta a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, ba lagireto ba ruwa, fanka ce kawai ke hura masa iska.

Ina cikin ɓalle marfin bawul na gefen dama ɗan ƙanwata ya shigo. Ya daɗe yana naci in bar shi ya sa hannu, yau dai na miƙa masa sifana mai lamba 13 da sukundireba. Na juya fuli, wato faifan da fanbel ke hawa, har tsagar da ke jikinsa ta zo daidai da inda ɓari biyu na injin suka haɗu, muka fara da silinda ta ɗaya. Tazarar da ake so milimita 0.15 ce. Tsofaffin littattafan motar 0.10 suka rubuta, daga baya kamfanin ya ƙara ta, saboda bawul ɗin da ya matse ba ya zama sosai a mazauninsa balle ya sauke zafi, ƙarshenta ƙonewa yake yi. Na nuna masa yadda zai zura siririn ƙarfen awon: kada ya wuce sakaka, kada kuma ya cije, ya dai riƙa jin ɗan ja a yatsa. Da ya ɗaure noti sai tazarar ta gudu, ya kwance, ya sake. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, na ji shi." Na karɓa na gwada, wallahi ya samu.

Injin yana tashi ne a jerin 1-4-3-2, don haka in kana juya fuli baya rabi-rabi, silindojin za su zo maka ɗaya, biyu, uku, huɗu a jere. A ta uku na daɗe. A injinan da aka ƙera kafin 1971, abin sanyaya baƙin mai yana tsaye ne a hanyar iskar da ke zuwa wa wannan silindar, sai ta riƙa samun iskar da ta riga ta ɗumama. Ita ce ta fi kowacce wahala, kuma bawul ɗinta na hayaƙi shi ke fara matsewa. Haka kuwa na tarar da shi, ƙarfen awon ma ya ƙi shiga. Na rubuta a littafina. In na sake dubawa bayan ɗan yawo na ga ya kuma matsewa, to bawul ɗin miƙewa yake yi, sai an sauke kan injin kafin ya tsinke ya faɗa wa fistin.

Sauran ba su ci lokaci ba. Kontak, wato makunnin wuta da ke cikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, na buɗe shi milimita 0.4, na goge fulogi, na cire wasa ɗaya daga tsakanin fulin janareto don fanbel ya ɗan ƙara tauri. A wannan motar fanbel shi ne rai: shi ke juya fanka, in ya tsinke kana tafe ba ka lura da jar fitilar ba, injin ya gama. Tiyon fetur kuwa duka na canza, ko da yake na tsohon bai fara yoyo ba. Fetur na yanzu mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba, ga tiyon yana ratsawa kusa da distiributa mai tartsatsi. Beetle da yawa ta nan suka ƙone ƙurmus.

Wajen hantsi na ɗaga kujerar baya zan haɗa batir, don a ƙarƙashinta yake zaune. Na ciro shi gaba ɗaya in share wurin. Fentin da ke ƙasa ya yi ƙuraje. Na ɗora bakin sukundireba na danna kaɗan, sai ya nutse har ƙota, hasken rana ya shigo ta ƙasan mota. Ruwan batir ne ya yi shekaru yana ɗiga yana cin ƙarfen. Na bi gefen da yatsa, ɓawon tsatsa yana zubowa ja-ja, a ƙarƙashinsa kuma ga wani farin abu mai tauri: foti ne, abin cike lotsewar jikin mota kafin fenti, wani ya taɓa cusa shi a ramin ya shafe da baƙin fenti. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya zaunar da yara a kan kujerar nan, batir na reto a kan foti.

Duk da haka na aza katako na ɗora batirin, muka saita taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, da ƙwan fitila, yaron na kallon ƙwan ni ina juya distiributa a hankali har ya kama. Na taka totur sau ɗaya, na murɗa makulli. Ta yi tari, ta kama, ta zauna a sulo da wannan ƙarar tata mai ɗan fito da ba ka ji a wata mota. Ƙaf-ƙaf ɗin da ke damuna a gefen hagu ya ɓace. Yaron sai zagaya ta yake yana dariya, yana sa tafin hannu a bakin salansa.

Da la'asar Baba mai walda ya zo, tare da wani abokina da shi ma yake da tsohuwar mota. Baba bai ko kalli injin ba. Ya durƙusa, ya zaro ƙaramar guduma ya bi dogarin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. A Beetle wannan dogarin kwararo ne da iska mai ɗumi ke bi daga injin zuwa gaba, kuma shi ne ƙashin bayan bodin, a jikinsa ake ɗaure bodi da shasi. Inda ƙarfe ke da lafiya gudumar tana ƙara tas, inda ya ruɓe sai ka ji dum. Na hagu ya amsa da kyau tun daga gaba har baya. Na dama, daga wajen da ake kafa jak, ya mutu.

Abokina ya ce in bar wahalar da kaina. A ganinsa a lafta faci daga ƙasa, a shafe, a kai ta fenti, in ya so in fita da ita taron masu tsofaffin motoci da ke tafe. Wa zai leƙa ƙarƙashi? Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, ya ga yadda na ƙagu in gan ta tana sheƙi. Amma ban yarda ba, kuma na gaya masa. Ni ba don a ɗauke ta hoto nake gyaran motar nan ba, so nake in hau ta in yi nisa, in ɗauki wanda nake ƙauna a ciki ba tare da gabana na faɗuwa a kowane rami ba. Fenti mai kyau a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya shekara biyu sai ya kumbura, kuma duk wanda motar ta faɗa hannunsa bayana zai tarar da abin da na tarar yau. Baba ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Ɗana, a raba bodi da shasi, a yanke har inda ƙarfe ya yi fari. In ba haka ba, nemi wani mai waldar."

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kayan ba su da wuyar samu. An ƙera motar nan fiye da miliyan 21. Tun a Fabrairun 1972 ta wuce Ford Model T a yawa, kuma ta ƙarshe sai a Yulin 2003 ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko. Har gobe ana buga rabin daɓen shasi da dogarin ƙofa sababbi. Sai dai ba duka ne masu kauri ba, Baba ya ce kada in sayi komai sai ya auna kaurin da kansa. Yaron ya tambaya me ya sa ba za a canza duka ɓangarorin biyu a huta ba. Na ce masa ƙarfen hagu na asali ne, a Wolfsburg aka buga shi, ya haura shekara hamsin bai gaza ba. Ba zan yanke lafiyayye don ya yi daidai da sabo ba. A nan Baba ya goyi bayana, abokina ya ɗaga kafaɗa.

Kafin duhu na kwashe kujeru da shimfiɗar ƙasa, na bi notocin da ke riƙe da bodin ɗaya bayan ɗaya na jiƙa su da man kwance tsatsa, wasu kawunansu sun cinye har sifana ba ta kama su. Wayoyin da za a cire na liƙa wa kowacce takarda da sunanta. Ɗaga bodin sai mutum huɗu, kuma dole a walda ƙarfe a gicciye a bakin ƙofofi tukuna don kada ya karkace idan an yanke dogarin. Baba zai zo da ƙarafan ranar Asabar mai zuwa, abokina ya ce duk da gardamarsa a sa shi cikin masu ɗagawa, yaron kuma zai tambayi mahaifiyarsa ko za ta bar shi ya kwana nan ranar Juma'a.