Abin da kaifin takalmi ya koya mini game da juyi a kan ƙanƙara

Wasan zamiya a kan ƙanƙara yana cikin wasannin da mutanen Kaduna suka fi sani ta talabijin, kuma abin da ya fi ɗaukar idon mai kallo shi ne lokacin da ɗan wasa ya kafe a wuri ɗaya yana juyi kamar katantanwa har fuskarsa ta daina ganuwa. Na koyi wasan a shekarun da na yi ina karatun fiziks a Rasha, yanzu kuma ina koyar da darasin a wata sakandare a nan garin, ranar Asabar da safe ina taimaka wa yara masu takalmin taya a Dandalin Murtala. Abin da na fi riƙewa daga wuraren biyu shi ne cewa ingancin juyi yana tabbata tun kafin a fara shi, a kan kaifin da ɗan wasa ya shigo da shi.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin kaurinsa kusan milimita 4 ne, kuma mai gyara kaifinsa yakan fafe tsakiyarsa ya bar ɗan kwarmi daga gaba zuwa baya, don haka kowane ƙarfe yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Idan aka haɗa ƙafar dama da ta hagu, tafiya gaba da tafiya baya, kaifi takwas ke nan da dole ɗan wasa ya mallaka. Ƙarfen kuma yana da 'yar lanƙwasa a tsawonsa, shi ya sa da zarar mutum ya karkata jikinsa gefe ɗaya, takalmin da kansa yake yanka da'ira ba tare da an murɗa ƙafa ba. Malamar da ta horar da mu takan sa mu yi ta bin da'ira ɗaya a kan ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, kafaɗu a daidaice, sannan ta tsugunna ta nuna mana zanen da muka bari a ƙanƙara. Layi ɗaya siriri yana nufin mutum yana kan kaifi sosai, layi biyu a jere kuwa yana nufin ƙarfen ya kwanta a shimfiɗe, kaifin ya kuɓuce.

Wannan horo tsohon abu ne a wasan. A da, 'yan wasa sukan zana siffofi irin na lamba 8 a kan ƙanƙara, alƙalai su sauko su duba zanen da idonsu, kuma makin wannan sashe yana da nauyi ƙwarai. Da ƙarfinsa ne Beatrix Schuba ta ƙasar Ostiriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Sapporo a 1972. Hukumar wasan ta duniya, ISU, wadda aka kafa a 1892, ta cire sashen daga manyan gasanni a 1990, kuma a ganina an yi asara, ko da yake na san kallonsa ba ya jan jama'a. Har yau dai alƙalai suna bin kaifi da ido: tsallen Lutz daga kaifin waje na baya ake tashinsa, tsallen filif daga na ciki, wanda ya sauya kaifi dab da tashi kuma ana rage masa maki.

Ga wanda yake juyawa ta hagu, shigar juyi takan fara da lanƙwasa mai zurfi a kan kaifin waje na ƙafar hagu, da'irar tana ƙara matsewa har ƙarfen ya juya da kansa ya koma kaifin ciki yana bin baya. A nan ne haƙuri yake da amfani, domin mai koyo yakan ƙagu ya jefa jikinsa cikin juyin kafin da'irar ta gama matsewa, sai ya yi ta tafiya yana juyi, ya bar zane kamar igiyar da aka warware. Wanda ya jira kuwa, nauyinsa yakan sauka a wani ɗan wuri da ke bayan haƙoran gaban ƙarfen, daidai ƙarƙashin tudun tafin ƙafa, ƙananan da'irorinsa su hau kan juna. Idan nauyin ya zarce gaba, haƙoran za su riƙa kankarar ƙanƙara ana jin ƙararsu, idan ya koma diddige kuma sai faɗuwa.

Saurin juyi shi ne ɓangaren da nake koyarwa a aji, kuma shi ne mafi sauƙin bayani. Muddin babu abin da ya murɗa jiki daga waje, ƙarfin juyin da aka shigo da shi ba ya ƙaruwa, amma idan aka jawo hannuwa da ƙafar da ke sama kusa da tsakiyar jiki, nauyin ya matso, saurin ya hau. Kujerar ofis mai juyawa da littafi biyu masu nauyi sun isa nuna wa ɗalibai wannan. Abin da lissafin bai faɗa ba shi ne lokaci: sai juyin ya zauna a wuri ɗaya ake jawo hannuwa, a hankali kuma, domin saurin da aka ɗora a kan juyi mai yawo ƙara masa yawo yake yi.

Tsayuwar juyi iri uku ce a asali: a tsaye, a tsugune, da wadda ake miƙa ƙafa ɗaya baya jiki ya kwanta. Ana danganta ta tsugune da Jackson Haines na Amurka a ƙarni na 19, ta uku kuma da Cecilia Colledge ta Ingila a shekarun 1930. Wadda ake kamo ƙarfe a ɗaga ƙafa bisa kai ta ɗauki sunan Denise Biellmann ta Suwizalan, zakarar duniya a 1981. A tsarin makin da aka soma bayan rikicin alƙalanci na gasar Olamfik ta 2002, tsayuwa ba ta shiga lissafi sai an riƙe ta zagaye biyu aƙalla.

Kaduna ba ta da filin ƙanƙara, amma tayar takalmi tana da gefen ciki da na waje, kuma idan aka sa ƙananan tayoyi a gaba da baya, manya a tsakiya, ana samun lanƙwasa mai kama da ta ƙarfe. Nakan zana da'ira da alli a kan siminti, a lokacin hunturu kuwa ƙurar da ta kwanta ita ke nuna sawun taya. Yara sukan ce, "Malam, yaushe za mu fara juyi?" Nakan ce sai kowa ya zagaye da'irar a ƙafa ɗaya, ta dama da ta hagu, idon sawu bai karye ciki ba.

Jiri shi ne kukan da suka fi kawowa idan an fara. Mai rawar bale yakan kafa ido a wuri ɗaya ya riƙa fizgar kai, amma saurin wannan juyi ya wuce a yi haka, don haka kai yakan bi jiki, ido a buɗe yana kallon daidai tsayinsa, ƙwaƙwalwa kuma tana sabawa sannu a hankali. Shi ya sa nake fara su da zagaye biyu ko uku a ƙafa biyu, da hular kwano da kariyar gwiwa, su huta jirin ya sake su, sannan a ƙara.