Karatun wasiƙar Al-Maghili ga Sarki Rumfa

Da aka ɗora mini nauyin koyar da ɗaliban ajin dare tunanin malaman da can kan sha'anin mulki, sai na zaɓi Tajud Din, ɗan littafin da Shehu Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili, mutumin Tilimsan da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Babi takwas ne kacal, ana iya sauke shi tsakanin Azahar da La'asar. Mu kuwa makonni ya ci mana, domin na kafa sharaɗi: ba ma wuce babi sai mun binciko halin da Kano take ciki a lokacin.

A nan karatun ya buɗe. Rumfa ne ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, ya naɗa babanni a kan muƙamai. Sarauta tana ƙara kwarjini, zaurukan da ke tsakanin sarki da mai ƙara suna ƙaruwa. A cikin wannan hali ne Al-Maghili ya yi ta nanata cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Da farko ɗalibai sun ɗauke shi wa'azin da kowane malami zai iya yi. Da muka jera maganar da gine-ginen Rumfa, sai suka ga ashe da mutum ɗaya yake magana, kuma ya san inda yake taɓawa.

Haka muka bi da Al-Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a 1058. Ya halatta a amince da amirin da ya ƙwaci ƙasa da ƙarfi, muddin zai tsayar da shari'a ya yi wa halifa mubaya'a. Wannan ya ɗaure wa ɗalibai kai, sai da suka ji cewa tun 945 Banu Buwaihi, wani gidan sarauta daga ƙasar Farisa, ke riƙe da iko a Bagadaza, halifa suna kawai ya rage masa.

Ban ɓoye musu tsananin Al-Maghili ba. Kafin ya iso ƙasar Hausa shi ya jagoranci tsananta wa Yahudawan Tuwat, wani yanki a Saharar Aljeriya ta yau, abin da wasu malaman zamaninsa suka ƙi yarda da shi. A ganina duk wanda ya tsallake wannan bai yi wa ɗalibi adalci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda wani rubutun Al-Maghili ya ƙare. Amsoshin da ya ba Askiya Muhammad na Songhai kan sarakuna masu cuɗanya Musulunci da al'adun gargajiya, su ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko bayan kusan shekara 300 ya kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa a jihadin 1804. Kano kanta tana cikin biranen da suka faɗi a wannan jihadi.