Darasin jera kaya a akwatin sarrafa injuna

Idan ma'aunin ruwa a tankin burtsatse ya riƙa tsalle, ko otomat, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba injuna umarni, ya tsaya ba gaira ba dalili, nan da nan sai a ce wutar gari ce ba ta da kyau. Galibi laifin yana cikin akwatin, wajen yadda aka jera kaya.

Babban mai hayaniya, wato hargitsin lantarki da ke rikita sigina, shi ne bariyata, na'urar da ke sarrafa gudun inji, domin yana katse wuta yana haɗawa sau dubu 2 zuwa dubu 16 a daƙiƙa ɗaya. Wayar da ta fito daga gare shi zuwa inji tana watsa wannan hayaniya ga duk wayar da ta raɓe ta. Don haka tun kafin a huda rami ko ɗaya, a raba farantin da ake kafa kaya a kai gida biyu: bariyata, kontakta (makunnin da ke aiki da maganaɗisu) da taransifoma a gefe guda, otomat da wayoyin sigina na 4-20 mA, masu kawo saƙon ma'auni, a ɗaya gefen. A bar aƙalla santimita 20 tsakanin hanyoyinsu. Inda haɗuwa ta zama dole, su gitta juna a gicciye, kada su jera tare.

Inda masu aiki da yawa ke tafka asara shi ne garkuwar kebul. A sayi kebul mai ragar tagulla da tsada, sannan a murɗe ragar ta zama siririn igiya a ɗaure da kusa. Wannan murɗaɗɗiyar wutsiya ba ta iya kwashe hayaniya mai saurin bugu. A feɗe rigar kebul ɗin, a matse ragar da maƙalin ƙarfe ta zagaye gaba ɗaya, a kan faranti marar fenti, a wajen bariyata da kuma wajen inji. Ƙofar akwatin ma a haɗa ta da jiki da faffaɗar raga gajera.

Matatar hayaniya ta zauna dab da bariyata, wayar shigarta nesa da ta fita. Don kashe hayaniyar kontakta, naɗinsa na 24 V DC yana son diyod (na'urar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), na AC kuma RC (haɗin rezista da kafasita).

Zafin Afrilu a Maraɗi yana haura digiri 40, shi ya sa nake ganin a ɗora bariyata sama, otomat ƙasa inda iska ta fi sanyi, a bar wa bariyata kamar santimita 10 sama da ƙasa. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar fanka, kada ƙura ta sa a bar ƙofa buɗe.